Kwanso Hamsin

Kwalin ya iso Cholire ranar Talata
a motar auduga daga Garwa,
ƙarƙashin kujerar direba, kusa da ƙullin albasa.
Kwanso hamsin, sababbi ful,
ba su taɓa shaƙar albarushi ba,
suna ƙyalli kamar haƙorin Makka.

Na shimfiɗa tsohon zanen Asta a kan tabarma,
na juye su, suka yi kacau.
Dudu jikata ta ce, "Kaka, ai sababbi ne,
me za ka gyara a abin da ba a taɓa ba?"
Na ce zauna, riƙe mini fitila.
Sabo ma haihuwarsa aka yi,
ba kowace haihuwa ke zuwa da kai ba.

Ɗaya bayan ɗaya nake ɗagawa.
Wannan bakinsa ya lotse a hanya,
ramukan titin Gijiba sun sa masa hannu.
Wannan wuyansa ya ɗara na ɗan'uwansa
da kaurin gashin gira.
Idona na hagu ya daɗe da ajiye aiki,
amma babban yatsana bai tsufa ba,
yana jin kaifin da ido ya yafe.

Na shafa mai, kaɗan, kamar mai sa kwalli.
Na zagaye baki har ya koma wata ɗan sha huɗu.
Na auna tsawo da ma'aunin da wani baƙo
ya bar mini a sansanin farauta
shekarar da Mayo Rai ya kwana a gonaki.
Wanda ya yi tsawo na rage masa girman kai,
garin tagulla yana zuba a kan furannin zane.
Sai ɗan ramin gindi, ƙofar da wuta za ta bi,
na leƙa shi ta hasken fitila,
in ga ko akwai tsinke a bakin ƙofa.

Dudu ta yi hamma.
Ba ta san Hamajoda ba,
an haife ta bayan ciyawa ta rufe wurin.
Ɓauna ne mai rauni, cikin gamba da ta shanye mutum.
Harbin farko ya same shi, bai kwantar da shi ba.
Hamajoda ya ja ƙarfe don na biyu,
kwanso ya cije,
ya ƙi shiga, ya ƙi fita.
Ni ina taku goma a baya da gorar ruwa da gatari.
Abin da ya saura, ni na ɗauko a kafaɗa
har bakin hanyar mota.

Bayan sadakar bakwai na auna kwanson nan.
Abin da ya ɗara bai kai rabin ƙwayar gero ba.
Shi ma sabo ne.
Yana cikin gwangwanin shayi har gobe,
ban faɗa wa matarsa ba.

An kira isha'i a masallacin 'yan kifi.
Arba'in da bakwai sun tsaya a katakon da na huda,
sahu sahu, baki a sama, ciki wayam.
Albarushi sai da safe,
in an kashe fitila, in hannu ya huce,
in babu yaro a tsakar gida.
Uku na ware gefe, ban yarda da su ba,
ko da sefa nawa na biya.

Dudu ta kwashe su a tafin hannu.
Ta kai ɗaya leɓe, ta hura ta gefen baki,
ya yi fito siriri har kare ya ɗaga kunne.
Ta gwada na biyu, ta gwada na uku.
Ta ce, "Kaka, mai karkataccen bakin nan
shi ya fi murya."

Na naɗe zanen a hankali
don kada garin tagulla ya zube a inda muke sallah.